Aikin Waje

A wurin Inna Hansai duniya kashi biyu ce, Birni da Waje. Birni shi ne abin da ganuwar Kano ta kewaye, inda aka yanke mata cibiya a Yakasai. Waje kuma shi ne abin da ke bayan ganuwa: Fagge, Sabon Gari, tashar jirgin ƙasa, har zuwa Gwagwarwa. Duk abin da ya wuce nan ba ta raɗa masa suna ba, don a ganinta bai kai ta ɓata yawunta a kansa ba. Kaduna kanta, inda ta yi shekara kusan talatin a Unguwar Kanawa, ta haifi 'ya'yanta, aka binne mata miji, ba ta taɓa kiranta gida ba ko da suɓutar baki. In aka gaishe ta aka ce ya zaman gari, sai ta ce, "Muna dai ta baƙunta."

Baƙuwar nan kuwa babu wanda bai san ta ba a unguwar, saboda furarta. Da hantsi za ka jiyo dakanta tun daga bakin titi. Turminta na ƙirya ne, ya yi baƙi don tsufa, kuma da shi ta zo daga Kano cikin kayan aurenta. Tana da wani salo da ba a raba ta da shi: ta yi ta lugude ita kaɗai, sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta ci gaba. Mijinta marigayi Malam Rabe, direban gwamnati, yakan ce ko an ɗaure masa ido an ajiye shi a Kawo, da wannan dakan zai lalubo gida.

'Ya'ya biyu suka rayu mata. Akwai Zuwaira, 'yar fari, wadda Inna ba ta faɗin sunanta saboda kunya, tana aure a Kinkinau. Sai kuma auta, Labaran, wanda ya karanta Faransanci da tarihi a jami'ar Zariya.

Shi Labaran tun yana ɗalibi ransa ke ƙetare, kuma ya san ranar da abin ya kama shi. Shekarar babban fari ce, lokacin da mutanen Nijar da na Mali suka yi ta kwararowa Kaduna. Ya je asibiti dubiya, ya tarar da wani mutumin Mali rungume da 'yarsa, ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai ɗan Faransanci na kasuwa. Likita kuma Ba'indiye ne, yana ta tambaya babu amsa. Labaran ya tsaya a tsakaninsu, ya karɓi magana daga wannan ya miƙa wa wancan, har aka gane ciwon aka ba yarinya gado. Ranar ce ya fara jin karatunsa ya yi masa rana. Daga nan ya ƙudurce a ransa cewa aikin da zai yi ke nan, ya tsaya tsakanin mutanen da ba sa jin juna.

Da ya gama jami'a, kafin ya tafi hidimar ƙasa, sai ya kai maganar wurin Baba Sanda, aminin mahaifinsa, babban akawu a sakatariya. Bazazzagi ne, mai tumbi da son raha, kuma irin mutanen nan ne da ba su taɓa wuce Ikko ba amma sun san hanyar ko'ina. Ya zaunar da Labaran a barandar gidansa na gwamnati, ya tura masa kofin shayi.

"To, ɗan Rabe, ƙofofi dai ga su nan, kowace da ƙayarta," in ji shi. "In murya gare ka, gidajen rediyon Turai suna neman Bahaushe mai karanta labarai. Za ka yi suna, kowane mai shayi ya san ka, amma sanyi zai ci ƙashinka, kuma labarin wasu za ka yi ta faɗa har ka tsufa. In yawo kake so, ga kamfanin jirgin sama. Za ka ga filin jirgin kowace ƙasa, ƙasar ce dai ba za ka gani ba. Akwai ofishin alhazai a Jidda, ga lada ga albashi, to amma Larabci suke so, kai kuma ka je ka ɗauko mana harshen Nasara na biyu, sai ka ce na farkon bai ishe mu ba."

Labaran ya yi dariya ya ce, "Baba, ai maƙwabtanmu duk shi suke ji."

"Shi ne zan zo kai. Faransancinka zai ci a Hukumar Tafkin Chadi, ko wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kafa kwanan nan, in ta zauna da gindinta. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba a hawanta ta sama, sai ka yi furfura a wani wurin tukuna su san da kai." Ya kurɓi shayi, ya dube shi ta saman tabarau. "Saura Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma na ga tun ɗazu ita kake jira in ambata. Aiki ne mai daraja. Amma ka sani, mai yin sa ba shi da gari, bana Dakar baɗi Alƙahira, kuma bakinsa ba nasa ba ne, na ƙasa ne."

"Ita nake so, Baba."

"Na sani. Innarka ya san da maganar?"

Haka Baba Sanda yake magana, mace ma "ya" ce a bakinsa, abin da Inna ta shekara tana tsokanarsa da shi, wai Zagezagi har yau ba su gano bambancin mace da namiji ba. Amma Labaran bai yi dariya ba a wannan karon. Ya sunkuyar da kai ya ce sai abu ya tabbata tukuna.

Abu kuwa ya tabbata. A Kalaba ya yi hidimarsa, a hanyar dawowa ya tsaya Ikko aka yi masa tambayoyi, kuma da daminar shekarar saba'in da shida ta kankama sai amsa ta iso ta ofishin Baba Sanda. An ɗauke shi. Zai fara zama a Ikko a koya masa aiki, daga nan a tura shi ƙetare, ana jin Dakar ce. Abu ɗaya ya rage masa, kuma shi ne ya fi duk tambayoyin Ikko wuya: albarkar Inna. Labaran ba ya cikin masu taka ƙafa ba tare da ita ba. Ya san ko jirgi ya ɗaga da shi, in babu ita, a ƙasa ya bar kansa.

Ya shigo gida bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, tsakar gida tana ƙamshin ƙasa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana cura fura tana mulmula ta cikin gari. Tun daga sakatariya yake maimaita maganar a ransa, ƙasar waje, ƙasar waje, kalma biyu da ko yaron firamare zai iya faɗa. Ya tsuguna ya cire hula.

"Inna, Allah Ya yi. Na samu aiki."

"Alhamdulillahi. A nan gurin Bazazzagin nan?"

"A'a. Aikin..." Ya dubi hannunta, ya dubi ƙwaryar. "Aikin waje ne."

Kalmar ƙasa ta ƙi fita. Kuma gaskiya ita ce bai matsa mata ta fita ba.

Inna ta ajiye curin da ke hannunta a hankali. "Waje?" ta ce. "Waje dai Waje?" Sai ga fuskarta ta buɗe irin buɗewar da bai taɓa gani ba. "Ai kuwa ofisoshin duk a can suke, ta wajen Nasarawa. Auta, ko a Fagge suka ba ka gida ai an gama min komai. Daga Fagge in na taka kaɗan ga Ƙofar Mata, ga ni a gida." Matar da ko ranar da aka fita da gawar mijinta ba ta bari ya ga hawayenta ba, yau ga su suna zuba cikin garin fura.

Nan ne ya kamata ya ce, Inna, ba wannan wajen ba. Ya buɗe baki ma. Amma kafin nan ta ɗora masa hannu a ka, da garin da komai.

"Allah Ya yi maka albarka, Auta. Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya ba ka ɗa mai yi maka yadda ka yi min."

Labaran ya ce amin, don ba a jin irin wannan a yi shiru. Ya tashi da farin gari a gashinsa da albarkar da ya zo nema, amma ji yake kamar wanda ya ɗauko kayan wani a tasha.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana yi wa kansa lauya. Ai bai yi ƙarya ba. Waje ya ce, kuma waje za shi, har sunan ma'aikatar ma haka yake. In mai sauraro ya ji abin da ransa ke so, laifin wa? Hujja ce mai kyau, da a gaban alƙali ne ma wataƙila ta ci. Sai dai duk sanda ya gama jera ta, addu'ar nan takan dawo masa, ɗa mai yi maka yadda ka yi min, sai ya ji tsoro ya kama shi. Bai taɓa sanin mutum zai iya jin tsoron albarkar uwarsa ba.

Inna kuwa ta zama yarinya. Ta sauko da kwallaye da fantekoki daga saman kabad ta wanke, ta ɗaure su cikin tsofaffin zannuwa. Ta rabar da kajinta. Ta shiga gida-gida tana neman gafara, tana cewa baƙunta ta ƙare. In suna cin tuwo sai ta yi ta lissafo masa mutanen da zai gaisar, ƙanwarta Kande da ke gidansu na Yakasai, da wane da wance, rabinsu ma ba ta da tabbacin suna raye. Har ta fara gyara masa Hausa, wai kada ya je Kano yana maganar 'yan Kaduna, wadda ba ta da uwa ba ta da uba, a yi mata dariya.

Zuwaira ce ta fara tare shi. Ta ji gaskiyar zancen a bakin mijinta, ta taso daga Kinkinau, ta iske Inna tana ɗaurin kaya, ba ta ce komai ba sai da ya rako ta zaure.

"Kai ne mai karatun fassara," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kalma ɗaya ta Hausa ta gagare ka?"

"Yaya, ko ke za ki gaya mata? Ta fi jin maganarki."

"Ni? Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Amma ka yi sauri. Kullum ka ƙara kwana, ramin da za ta faɗa ƙara zurfi yake."

Baba Sanda ma ya zo gaisuwa, Inna ta tarbe shi da tsiya tun daga bakin ƙofa. "Bazazzagi, ga garinku nan mun bar muku, sai ku nemi wanda zai riƙa koya muku magana." Baba Sanda, wanda ba a taɓa kayar da shi a wasan Kanawa da Zagezagi ba, ranar bai rama ba. Ya sha furarsa, ya yi godiya, ya fito. A jikin motarsa ya tsaya ya dubi Labaran.

"Ka san abin da ake kira jakadanci? Ka faɗi rabin magana, ka bar mutum ya cike sauran da abin da yake so. Ka iya aiki, ɗan Rabe, tun ba a ba ka tebur ba. Amma da baƙi ake yi, ba a yi da uwa."

Maganar ta zauna masa. Ya yi ta yawo a gari ba tare da inda za shi ba, ya bi ta kasuwa, ya zauna a gindin bishiya kusa da filin sukuwa yana auna hanyoyin da ke gabansa. Zai iya cewa za a fara koya masa aiki a Ikko, wanda gaskiya ne, sannan ya yi ta ja mata rai daga nesa har ta gane da kanta. Wannan hanyar ragwaye ce, kuma ya san ta fi sauƙi. Zai kuma iya mayar da kuskuren ya zama gaskiya. Gwamnatin Kano tana neman masu digiri ido rufe, gobe ya je gobe za a ba shi kujera, har da gida a Waje ɗin da Inna ke mafarki. Babu wanda zai zarge shi, sai ma yabo. Amma da ya hango kansa a wannan kujerar, shekara da shekaru yana sa hannu a takardun hutu, Faransancinsa yana tsatsa, sai ya san ba zai iya ba. Yana son uwarsa, yana kuma son tafiyar, kuma babu wanda ya yarda ya ba wa ɗayan hanya.

Wata safiya ya fita sayen burodi, ya daɗe a wurin mai jarida. Da ya doso gida da hantsi sai ya ji wani abu ba daidai ba, bai gane ko mene ne ba sai da ya shiga zaure. Shiru ne. A gindin katanga, inda turmi yake tun kafin a haife shi, babu komai sai zagayen da gindinsa ya bari a ƙasa, da 'yan kiyashi suna kai-komo.

"Inna, ina turmi?"

"Na ba Tani," ta ce, tana naɗe tabarma. Tani maƙwabciyarsu ce, Bazamfara, katanga ɗaya ta raba su. "Shekara nawa baiwar Allah tana aro. Wa zai hau mota da wannan ƙaton? Na Innata yana nan gurin Kande, shi zan koma wa."

Labaran ya dubi zagayen nan. Kaji ana sayen wasu, gafarar da ta nema ba ta ɓaci ba, amma wannan sana'arta ce da ƙuruciyarta ta miƙa ta kan katanga saboda kalmar da ya haɗiye. Ya ajiye burodin, ya tsuguna a gabanta, ya cire hula kamar ranar farko.

"Inna, na zo da laifi. Wajen da na ce miki ba na Kano ba ne. Ƙasar waje ce. Ikko za ni tukuna, daga nan su tura ni wata ƙasa, ana ce mata Dakar. Na ga kin fahimce ni ba daidai ba tun a ranar, na yi shiru. Na ji daɗin albarkar, na kasa mayar da ita."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarmar da ta naɗe, ta daɗe tana duban ƙullin kayanta da ke jere a bakin ɗaki.

"Ta kai Makka nisa?"

"Kusan haka. Sai dai ita yamma take."

"Yayarka ta sani? Da Bazazzagi?"

"Sun sani. Sun ce ni zan faɗa."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa abin da ta taɓa ji. Da ta sake magana, muryarta a kwance take.

"Ina amarya ubanka ya shigo ya ce min, Hansai, na samu aiki, za mu koma waje. Na yi murna, na ce Fagge ce, kullum sai in leƙo gida. Aka ɗora kayana a kan jakuna, har da turmin nan, muka fita ta Ƙofar Nasarawa. Na ga mun nufi tasha, na ce to, a nan zai yi aikin. Ya ce in hau jirgi, na hau, ina cewa ko ɗan zagaye ne na amare. Iyayena sun sani, 'yan rakiya sun sani, kowa ya yi min shiru don kada in yi kuka. Sai da muka wuce Calawa na tambaye shi, ya ce saura kaɗan. A Zariya ya ce saura kaɗan. Sai a Rigacikun ya iya buɗe baki ya ce Kaduna za mu, shekara biyu kawai." Ta ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Tsoro ya ji, irin naka. Ashe kalmar nan ba ta gama da ni ba."

Labaran bai taɓa jin wannan labari ba. Duk tsawon rayuwarsa ya ɗauki "muna baƙunta" a matsayin tsiyar Kanawa, abin dariya. Yanzu ya gane cewa shekara biyun nan ce take ta jira su cika. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido.

"Inna, na fasa," ya ce, kuma da gaske yake a wannan lokacin. "Gobe zan tafi Kano in nemi aiki. Za su ba ni. In kai ki gida."

"Ka dube ni, Auta." Ya ɗago. "Ran naka yana Kano?"

Ya mayar da idonsa ƙasa, ita kuma ta gane amsar.

"To ka ji. Na san yadda mutum yake zama a gari jikinsa a nan ransa a can. Na yi shi shekara talatin, ba na yi wa maƙiyina fatansa. In ka kai ni Kano a haka, ni na samu gida, kai kuma na kai ka Kadunarka. Kullum in dube ka in ga baƙo a ɗakina. Ba zan iya ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ka bar ni na zaga unguwa ina sallama kamar mahaukaciya. Wannan sai na kwana biyu kafin ya sake ni."

"Ki yafe min. Albarkar kuma, na san ba ta wannan tafiyar ba ce."

"Wa ya gaya maka ana yanka albarka daidai tsawon hanya, sai ka ce yadi? Abin da na ce na ce." Ta miƙo hannu ta ɗora masa a ka, wannan karon babu gari. "Allah Ya ba ka ɗa mai yi maka yadda ka yi min. Ya zo ya tsuguna ya gaya maka tun jirgi bai tashi ba."

A nan Labaran ya yi kukan da ya yi ta dannewa. Da ya samu kansa sai ya miƙe ya ce bari ya shiga wurin Tani ya yi mata bayani, ya mirgino turmin.

"Koma ka zauna," in ji Inna. "Ban taɓa lashe amaina ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Na ba ta, ya zama nata."

Ita da kanta ta kwance kayan, ƙulli bayan ƙulli, ta hana kowa sa mata hannu. Ita da kanta ta sake zaga gidajen da ta yi wa sallama, ta ce tafiya ta fasu, yaron ƙasar waje za shi. Masu dariya suka yi a bayan idonta, masu tausayi suka yi a gabanta, kuma Labaran ya ga na biyun ya fi yi mata zafi. Ta yi kwanaki ba ta ce masa komai sai amsa gaisuwa, amma ta soya masa dambun nama, ta daka masa yaji a ƙaramin turmin miya, ta cusa a akwatinsa ba tare da ta tambaye shi ba. Ya ce zai sayo mata sabon turmi kafin ya tafi. Ta ce ya sayo in yana so, sabon turmi sai ya shekara kafin ya daina sa wa fura ɗacin itace.

Ranar tafiya, bayan sun karya, ya durƙusa ya yi mata sallama a ɗaki. Ba ta dube shi sosai ba, irin na iyayen da. Ta ce ya riƙe salla, ya kiyayi abin da ba a yanka ba, kada kuma ya auro mata wadda sai an yi musu tafinta. Sannan ta ce, "In sun ba ka hutu, ka dai san inda muke baƙunta." Ta ja mayafi ta fita, ta ce tana da aiki, ba ta tsaya ganin fitar akwati ba.

Baba Sanda ne ya zo kai shi tasha. Zuwaira ta tsaya a zaure tana ɗaga hannu. Mota ta fara gangarawa a hankali saboda taɓo, ta bi ta jikin katangar maƙwabta, sai Labaran ya ce, "Baba, ɗan tsaya."

Baba Sanda ya taka birki ya kashe mota, bai tambayi dalili ba, don shi ma ya ji. Daka ne ke tashi, mai nauyi, a natse, irin wanda Malam Rabe ya ce zai kai makaho gida. Aka yi ta bugu, sai aka cilla taɓarya. Labaran ya kasa kunne yana jiran tafin. Bai zo ba. Shirun ya ɗan yi tsawo, sannan taɓarya ta sauka aka ci gaba.

"Jirgi ba ya jira, ɗan Rabe," in ji Baba Sanda a hankali, ya tayar da mota.

Labaran ya juya yana kallon baya har suka hau titi. Ba daga gidansu sautin ke fitowa ba. A bayan katangar Tani ne, inda Inna Hansai ta je aron turmi.